Haƙoran nono da abin da masu bincike suka gani a bakin yaran Damagaram

Akwai wata magana da ta zama jiki a gidajenmu na Damagaram, daga Birni har Garin Malam, wadda ake faɗa duk lokacin da aka ga baƙin tabo ko kogo a haƙorin ƙaramin yaro: ai haƙoran nono ne, za su faɗi wasu su fito. Uwa takan faɗe ta, kaka ta ƙarfafa ta, uba kuma ya karɓe ta hannu bibbiyu domin ta sauke masa nauyin zuwa likita. Ni malamin makaranta ne, kuma zaman da na yi gaban yara ƴan ajin farko ya sa na daina yarda da wannan magana tun kafin in karanta abin da masana suka rubuta a kanta. Yaron da ya kwana bai runtsa ba saboda zogin haƙori ba ya fahimtar karatu da safe, ba ya tauna abin da aka ba shi da rana, kuma idan abin ya daɗe za ka ga ramar ta fito a wuyansa.

Haƙoran nono guda 20 ne. Na farko yakan leƙo wajen wata 6, sauran kuma su kammala fitowa kafin yaro ya cika shekara 3. Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa ba duka suke faɗuwa da wuri ba, domin na gaba ne ke fara girgiɗi a shekara 6 ko 7, alhali turamen nono na can ciki suna nan suna aiki har shekara 10 zuwa 12. Ke nan turmin da ya fara ruɓewa a shekara 4 yana da sauran shekaru 6 ko fiye da ya kamata ya yi wa yaro hidima. Sannan akwai wani turmi na dindindin da ke fitowa wajen shekara 6 a bayan haƙoran nono, ba tare da ya ture ko ɗaya ba, don haka ake ɗaukarsa shi ma na nono ne, a ƙyale shi ya ruɓe, alhali kuwa babu wani da zai maye gurbinsa har abada. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran nono a faɗin duniya, kuma mafi yawansu suna ƙasashen da likitan haƙori ya yi wa talaka nisa.

A wurinmu har yau ana ɗora laifin a kan tsutsa, kuma akwai masu bin kasuwanni da hayaƙi da ƙwarya suna nuna wa mutane tsutsar da suka ce sun fitar. Babu tsutsa a cikin haƙori. Tun a 1890 wani likita ɗan Amurka mai suna Willoughby Miller ya nuna cewa ƙwayoyin cuta da ke manne a jikin haƙori ne ke cin sukari da sitaci, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da farin ɓawon haƙorin sannu a hankali. Bayansa Robert Stephan ya auna wannan tsamin a shekarun 1940, ya gano cewa cikin ƴan mintoci da shigar sukari baki tsamin yake kai matakin da ɓawo ke fara narkewa, kuma sai an yi rabin awa zuwa awa ɗaya kafin miyau ya wanke shi, ya fara mayar wa haƙori abin da ya rasa.

Wannan awon shi ne mabuɗin fahimtar al'amarin gaba ɗaya, domin ya nuna cewa yawan lokutan da sukari ke shiga baki ya fi yawan sukarin kansa muhimmanci. An tabbatar da haka a wani bincike da aka yi a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon shekarun 1950, inda aka riƙa ba majinyata masu taɓin ƙwaƙwalwa alewa mai danƙo ba tare da yardarsu ba. Zalunci ne wanda a yau babu hukumar da za ta amince da shi, kuma duk wanda ya ambaci sakamakon ya kamata ya ambaci waɗanda aka lalata wa baki kafin a same shi. Abin da aka gani shi ne, waɗanda suka ci sukari tare da abinci ba su samu kogo mai yawa ba, amma waɗanda suka riƙa tsotsar alewa tsakanin abinci da abinci haƙoransu sun lalace ƙwarai.

To mu dubi yinin yaronmu na birni. Da safe koko ne da sukari, a ƙofar makaranta alewa ta dala ɗaya ko biyu, lokacin hutu lemu-hari ko zoɓo mai ƙanƙara a leda, da la'asar ya zauna kusa da yayyensa masu shayi a ba shi ragowar na uku wanda ya fi kowane zaƙi, da dare kuma a lallashe shi da biskit. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da za a kira ɓarna, kuma duk cikin ƙauna ake ba shi, sai dai bakin yaron bai samu awa biyu a jere yana hutawa ba. Ban ce a hana yaro alkaki ranar salla ba. Abin da nake roƙo shi ne a haɗa zaƙi da lokacin cin abinci, a bar tsakani ga ruwa, kuma kada zaƙi ya zama abu na ƙarshe kafin barci, saboda miyau yana raguwa sosai idan mutum ya yi barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, kuma idan ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi kyau.

Asuwaki sunna ce mai ƙarfi, kuma icen da aka tauna da kyau yana kankare dattin haƙori idan hannu ya iya, amma yaro ɗan shekara 3 bai iya ba, sai babba ya yi masa. Abin da ice ba ya bayarwa shi ne sinadarin fulorayid da ke cikin man goge baki, wanda ke shiga ɓawon haƙori ya ƙara masa juriya ga tsami. Gwargwadon ƙwayar shinkafa ya isa ga wanda bai kai shekara 3 ba, gwargwadon ƙwayar wake kuma ga mai shekara 3 zuwa 6, sau biyu a yini, ya tofar kada ya haɗiye. Na san akwai masu ɗari-ɗari da wannan sinadari, kuma a Nijar suna da dalili, domin ba mu manta da abin da ya faru a Tibiri kusa da Maraɗi ba, inda tun daga tsakiyar shekarun 1980 yara suka yi ta shan ruwan rijiyar burtsatse mai fulorayid da ya ninka iyakar da aka yarda da ita fiye da sau uku, haƙoransu suka rine, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe. Wancan sha ne na shekaru a cikin ruwa, wannan kuwa shafawa ne a tofar, kuma darasin Tibiri shi ne a auna ruwan kowace rijiya kafin a buɗe ta ga jama'a.

Idan kogo ya riga ya samu, ba dole ne sai an cire ba. A tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro wata hanya a Tanzaniya wadda ba ta buƙatar lantarki ko injin huda haƙori: ma'aikaci yana kwashe ruɓaɓɓen wurin da ɗan ƙarfen hannu, ya cike shi da wani siminti na musamman da ke manne wa haƙori. Akwai kuma wani ruwan magani mai azurfa da fulorayid da ake ɗigawa a kogon ya tsayar da ruɓewar, ko da yake yana mayar da wurin baƙi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya waɗannan biyu, tare da man goge baki mai fulorayid, a jerin magungunan da bai kamata a rasa a kowace ƙasa ba. Ina ganin waɗannan su ne suka dace da ƙananan likitocinmu na Tanut da Gure da Matamai, inda wuta ba ta da tabbas kuma likitan haƙori sai an zo birni.

Rashin waɗannan hanyoyi ne ke tura iyaye wurin mai cire haƙori na kasuwa, kuma a nan ne tsorona ya fi yawa. Awartakin da ya shiga bakin mutum ya fito da jini, idan aka goge shi da tsumma ko aka tsoma shi a ruwan kwano, bai tsarkaka ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye, kuma ƙananan yara ne ta fi zama a jikinsu: jariri idan ya kamu, kusan 9 cikin 10 takan zauna masa har girma, alhali a manya ba ta kai 1 cikin 20 ba. Ko tafasa ƙarfe a ruwa ba ya kashe komai da komai, domin zafin ruwa yana tsayawa a maki 100 na ma'aunin Selsiyas, kuma ƙwayar ciwon sarƙe haƙora tana da sulken da ke jure wannan zafi. Abin da ke gamawa da su shi ne tukunyar tururi mai matsewa, wadda ke kai maki 121 na aƙalla minti 15, bayan an wanke ƙarfen tas da sabulu. Su kansu ƙasashen da suka ci gaba sai da suka ji jiki kafin su tsaurara, musamman bayan da aka gano a farkon shekarun 1990 cewa majinyata 6 sun kamu da sida ta wurin wani likitan haƙori a Florida ta Amurka. Maganar ta shafi askar wanzami da ke cire belun jariri kamar yadda ta shafi kayan asibiti, kuma uba yana da haƙƙi ya tambaya cikin ladabi yadda aka tsarkake ƙarfen da za a sa a bakin ɗansa, a ko'ina ne.

Cire turmin nono kafin lokacinsa yana da wata illa da ba a gani sai bayan shekaru. Kowane haƙorin nono yana riƙe wa na dindindin da ke kwance ƙarƙashinsa wuri, kuma idan ya tafi da wuri maƙwabtansa sukan karkato su cike giɓin, sai magajin ya rasa hanya, ya fito a karkace ko ya maƙale cikin ƙashi. Shi ma muƙamuƙi aiki ne ke gina shi. Wani masani mai suna Robert Corruccini ya gwada matasan ƙauye da na birni a yankin Punjab na Indiya, ya tarar cewa ƴan birni masu cin abinci mai laushi sun fi cunkoson haƙora, kuma wani nazari da aka buga a 2011 kan ƙasusuwan al'ummomi 11 ya nuna cewa siffar muƙamuƙi tana bin irin abincin da al'umma ke taunawa. Tarin binciken da aka yi kan shayarwa ya nuna cewa yaran da suka sha nonon uwa sun fi samun haƙora a jere daidai, ko da yake idan shayarwar ta wuce shekara ɗaya, musamman cikin dare, ana buƙatar kula da goge haƙoran. Yaron da ya taso yana gaigayar goruba, yana tauna rake da aya da gyaɗa da kilishi, muƙamuƙinsa yana samun motsin da yaron biredi da taliya ba ya samu, amma da wane haƙori zai tauna idan turamensa duk kogo ne?

Akwai kuma cutar da ke kulle muƙamuƙi gaba ɗaya, kuma ita ce ta kawo sunan Damagaram cikin littattafan likitocin duniya. Noma, wadda wasu ke kira ciwon iska, takan fara ne daga dasashi. Da farko dasashin yana ja yana zubar da jini, sai ya fara ƙuraje yana wari, sai kunci ya kumbura, kuma cikin ƴan kwanaki naman ya yi baƙi ya mutu, ya ɓurma har a ga haƙora da ƙashi daga waje. Ta fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, wato daga yaye zuwa fara famfara. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ce yara 140,000 ke kamuwa a shekara, kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda ba su samu magani ba suna rasuwa. Wanda ya rayu, tabon yakan janye ya ɗaure baki, wani lokaci ƙashin sama da na ƙasa su haɗe, sai yaro ya koma tura abinci da yatsa ta giɓin haƙori, kuma tun da ƙashin bai gama girma ba, fuskar takan ci gaba da karkata yana girma. Ba cutar baƙar fata ba ce, kuma ba ta iskokai ba ce: ta addabi matalautan Turai har ƙarni na 19, ta ɓace da abinci da tsafta suka inganta, sannan ta sake ɓulla a sansanonin ƴan Nazi lokacin yaƙin duniya na biyu, inda yunwa ta yi katutu.

Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana da cibiyar kula da waɗannan yara a nan Zinder tun 1992, kuma daga 2001 zuwa 2006 wata tawagar masana daga Janeba mai suna GESNOMA ta gudanar da bincike a ƙauyukan jihar nan, wanda aka buga sakamakonsa a 2013. Sun ɗauki yara 82 masu sabuwar noma, suka gwada su da yara 327 tsararrakinsu daga garuruwansu waɗanda ba su kamu ba, domin a ga abin da ya bambanta su. Yaron da tamowa mai tsanani ta tsumburar da shi, haɗarinsa ya kusan ninka sau 5. Wanda ya yi zazzaɓi ko zawo ko ciwon ƙirji cikin watanni 3 da suka gabata, haɗarinsa ya haura ninki 2. Yawan cikin da uwa ta yi a baya shi ma ya ƙara haɗarin, sannan aka samu wani abu da ya tsaya mini a rai, wato gidan da ba shi da kaji ya fi fuskantar cutar. Duk wanda ya san ƙauye ya san abin da wannan ke nufi, domin gidan da ko kaza babu, talaucinsa ya kai maƙura.

Ɓangaren ƙwayoyin cuta na binciken ma ya sauya fahimta. Kafin nan wasu masana da suka yi aiki a arewacin Najeriya sun fi zargin wata ƙwaya guda da ake samu a jikin dabbobi, amma samfuran da aka ɗiba a bakin yaranmu ba su nuna mai laifi ɗaya da ya shigo daga waje ba. Abin da suka nuna shi ne daidaiton ƙwayoyin da ke zaune a baki tun asali ya rushe, wasu sun ragu, dangin da ake kira Prevotella kuma sun yi yawa. Haka kuma tawagar ta tarar cewa ƙwayoyin da ke dasashi mai ƙuraje da wari sun yi kama ƙwarai da waɗanda ke cikin gyambon noma. Ma'anar wannan ga uwa a Dungas ko Kance ita ce, ba ɗaukar cutar ake yi ba, don haka babu dalilin ɓoye yaro ko ƙyamarsa, kuma dasashin da ke jini yana wari a bakin yaro mai rama ko wanda ya tashi daga ƙyanda shi ne ƙofar da ya kamata a tare ta. A wannan mataki maganin bai fi ƙarfin ƙaramar likita ba: kurkure baki da ruwan gishiri da aka tafasa ko maganin kurkura, ƙwayoyin amozisilin da metironidazol bisa umarnin ma'aikacin lafiya, da abinci mai gina jiki. Idan kunci ya kumbura, ranar ce ta tafiya asibiti, ba gobe ba, kuma ba bayan an gwada turare da shafe-shafe ba. Bayan naman ya mutu sai tiyata bayan tiyata, a Yamai ko a asibitin noma na Sakkwato da aka buɗe a 1999, wasu ma har Turai.

A ranar 15 ga Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa. Na yi farin ciki da wannan, amma takardar hukumar ba ta buɗe bakin yaro a Mirya. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa wani bincike ne daban da aka yi a gundumar Miryar kanta, inda ƙungiyoyin kiwon lafiya na ALIMA da BEFEN suka koya wa dubban iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu da zaren nan mai launin kore da rawaya da ja, aka kuma tarar cewa ba su gaza ma'aikatan sa-kai na ƙauye wajen gano tamowa ba, har ma sukan kawo yaran da wuri kafin ciwon ya tsananta. Matan da suka iya karanta zaren damtse za su iya ɗaga leɓen yaro a hasken rana sau ɗaya a mako, su duba farin tabo ko baƙi a gindin haƙori, da jan dasashi, da jini, da wari. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, kuma yaran nan suna zuwa awo da rigakafi da karɓar abincin tamowa. Roƙona ga ma'aikatanmu na jinya shi ne, duk yaron da aka ɗora a ma'auni a duba bakinsa kafin a sauke shi, a rubuta abin da aka gani a katinsa, a kuma nuna wa mahaifiyarsa yadda za ta yi da hannunta idan ta koma gida.